Gundumar Lankasta: Yadda Aka Sayi Haƙƙin Gini Aka Bar wa Manomi Gonarsa

Gundumar Lankasta tana kudu maso gabashin jihar Pensilbaniya a Amurka, tafiyar da ba ta kai awa biyu ba a mota daga birnin Filadelfiya. Ƙasarta mai zurfi ce, tana zaune a kan dutsen farar ƙasa, ruwan sama kuma yana isarta, har ana lissafa ta cikin wuraren da suka fi albarkar noma a duk Amurka ba tare da ban-ruwa ba. A ƙidayar gonaki ta 2017 an sami gonaki sama da 5,000 a gundumar, kuma in an raba daidai kowacce ba ta kai eka 80 ba. A ma'aunin Amurka wannan ƙaramar gona ce, domin matsakaiciyar gona a ƙasar ta haura eka 400. Duk da haka, abin da gonakin suka sayar a shekarar, madara da ƙwai da kaji da aladu da shanu da masara da taba, ya kai kimanin dala biliyan 1.5. Kusan dukkansu na iyali ne. Uba da uwa da 'ya'ya ke aikin, gida da garke da rumbu duk a wuri ɗaya.

Abin da ya sa ƙasar ta yi wa manomi daɗi, shi ne dai ya sa ta yi wa magini daɗi. Shimfiɗaɗɗiya ce, ruwa ba ya kwanciya a kanta, an riga an share ta tun zamanin kakanni, babu dutsen fasawa babu dajin sarewa. Ga ta kuma kusa da manyan birane. A 1950 mutanen gundumar kimanin 235,000 ne. Zuwa 1990 sun kusa 423,000, a 2020 kuma sun kusa 553,000. Sababbin mutanen ba cikin birnin Lankasta suka cusu ba. Kowa gida yake so mai faɗin tsakar gida a bayan gari, sai unguwanni da manyan kantuna da wuraren ajiye motoci suka riƙa cin gonaki ɗaya bayan ɗaya, musamman a gefen manyan hanyoyi. Wanda ya ga yadda gonakin gefen Kano ko Zariya suka koma fulotai cikin shekaru kaɗan ba ya buƙatar dogon bayani a nan.

Bai kamata a ɗora wa manomin da ya sayar laifin kwaɗayi ba. Dattijo ne da ya shekara arba'in yana tatsar shanu safe da yamma, ba shi da fansho sai gonar nan. Yana da 'ya'ya biyar, ɗaya ne ke son noma, sauran huɗun kuma suna da haƙƙi a gado. Mai gina gidaje ya zo da tayin da ya ninka abin da maƙwabcinsa manomi zai iya biya. Idan ya ƙi, ya tauye 'ya'ya huɗu. Idan ya karɓa, ya raba ɗan da ke son noma da sana'ar gidansu. Gaba kura, baya sayaki.

Kuma ɓarnar ba a gona ɗaya take tsayawa ba. Da zarar unguwa ta tsaya a tsakiyar gonaki, sababbin maƙwabta za su fara ƙorafi kan warin taki da ƙarar tarakta da asuba. Motoci su cika hanyar da ake bi da kayan aikin gona. Idan manoma suka ragu, mai sayar da abincin dabbobi da mai gyaran injin noma da likitan shanu su ma sai su tattara su bar yankin. Manomin da ya rage, ganin cewa shi ma ranarsa na tafe, sai ya daina gyara garke, ya daina zuba kuɗi a ƙasa. Gonar takan mutu a zuciyar mai ita shekaru kafin katafila ta shigo.

Su wane ne manoman

Ba za a fahimci lamarin Lankasta ba sai an san mutanenta. A 1710 wasu Kiristoci 'yan ɗarikar Menonayit, waɗanda suka gudo daga tsanantawar addini a Suwizalan da kudancin Jamus, suka zauna a wannan yanki. 'Yan uwansu Amish suka biyo baya a cikin ƙarnin nan na 18. Har yau Amish masu riƙe da tsohuwar hanya ba sa tuƙa mota, ba sa jawo wutar lantarki ta gwamnati cikin gida, da dawaki da alfadarai suke huɗa, da keken doki suke tafiya, kuma a gida wani karin harshen Jamusanci suke yi. A wurinsu gona wurin tarbiyya ce: a nan yaro ke koyon aiki da biyayya a gaban iyayensa. Suna haihuwa da yawa, kuma mafi yawan 'ya'yansu suna zama cikin ɗarikar, shi ya sa yawansu ke ninkawa kusan duk bayan shekara ashirin. Al'ummarsu ta Lankasta ta haura mutum 40,000.

Wannan yana nufin abu biyu. Akwai jama'ar da ke son ci gaba da noma ko da ribar ba ta taka kara ta karya ba, abin da gundumomi da yawa a Amurka suka rasa. Sannan su ne miliyoyin 'yan yawon buɗe ido ke zuwa kallo kowace shekara, kuma otal-otal da kantunan da ake ginawa don baƙin suna cin ƙasar da baƙin suka zo gani.

Dokar hana gini da rauninta

Matakin farko doka ce. A Pensilbaniya ikon tsara amfani da fili ba a hannun gunduma yake ba, yana hannun ƙananan hukumomi, kuma Lankasta tana da su har 60: birni ɗaya, ƙananan garuruwa 18, da yankunan karkara 41. Daga tsakiyar shekarun 1970 yankunan karkara suka fara shata wuraren noma, suna ƙayyade yawan gidajen da za a iya ginawa. Tsarin da ya fi yaɗuwa shi ne fuloti ɗaya, wanda bai wuce eka biyu ba, a kan kowace eka 25 da mutum ya mallaka. Mai eka 75 zai iya yankar wa 'ya'yansa fulotai uku, amma ba zai iya mai da gonar unguwa ba. A hankali kusan duk yankunan karkarar suka karɓi irin wannan doka.

Jiha ma ta taimaka. Dokar 1974 ta ba da damar a yi wa gona kuɗin haraji bisa darajarta ta noma, ba bisa abin da magini zai biya ba. Wanda ya ci moriyar sannan ya juya gonar zuwa gini sai ya biya bambancin shekara bakwai da ruwa a kai. Dokar 1981 ta ba manoma damar haɗa gonakinsu su zama yankin kariyar noma, dokar 1982 kuma ta rage wa maƙwabta damar kai manomi ƙara kan wari ko ƙarar aikin da ya saba yi.

Sai dai dokar hana gini tana da rauni biyu, kuma duka manya ne. Na farko, mutum uku ko biyar ne ke zama a majalisar yankin karkara. Abin da suka zartar bana, waɗanda aka zaɓa baɗi za su iya sokewa a zama ɗaya, kuma mai gina gidaje yana da haƙuri da lauya. Na biyu, manomi yana da hujja idan ya ce an zalunce shi: jama'a na son kallon fili kore, amma shi kaɗai aka sa ya biya, tunda an rage darajar kadararsa ba a ba shi ko sisi ba. A ganina wannan ƙorafi gaskiya ne, kuma abin da ya bambanta Lankasta shi ne ba ta toshe kunne ba.

Abin da ake saya

Mutumin da aka fi dangantawa da matakin da ya biyo baya shi ne Amos Funk, manomin kayan lambu daga kusa da garin Millersville, wanda ya shafe shekaru yana yawo taro-taro yana cewa ƙasa irin wannan ba a ƙera ta sau biyu. A 1980 kwamishinonin gunduma suka kafa hukumar adana gonaki mai mutum tara. Ba su ne suka ƙirƙiro dabarar ba. Gundumar Suffolk a jihar New York ta fara a 1974, jihohin Maryland da Massachusetts suka bi a 1977. Amma a Lankasta ne abin ya yi jijiya fiye da ko'ina.

Dabarar ta ginu a kan yadda dokar Amurka ke kallon mallakar ƙasa. Mallaka kamar damin gero take, zangarniya da yawa a ɗaure wuri ɗaya: haƙƙin nomawa, haƙƙin sayarwa, haƙƙin bayar da haya, haƙƙin barin gado, haƙƙin yin gini. Ana iya zare ɗaya a sayar, sauran damin na nan a hannun mai shi. Hukumar tana sayen haƙƙin gini ne kawai, kuma ba don ta yi amfani da shi ba, sai don kada kowa ya ƙara amfani da shi. A Najeriya, inda Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha amana a hannun gwamna, lissafin zai sha bamban. A Pensilbaniya ƙasar ta manomin ce ɗungurungum, shi ya sa akwai abin da za a saya daga gare shi.

Ga yadda ake yi. Manomi ne ke kai kansa, ba a tilasta wa kowa. Hukuma ta auna gonar da maki: ingancin ƙasa, girman gona, yadda ake kula da ita, kusancinta da wasu gonakin da aka riga aka adana, da irin matsin da take fuskanta daga masu gini. Waɗanda suka fi maki su ake fara kira. Sai a kawo mai ƙiyasta kadara ya fitar da farashi biyu, abin da gonar za ta yi a kasuwa yadda take, da abin da za ta yi idan noma kaɗai za a iya yi a kanta. Bambancin shi ne kuɗin haƙƙin gini. A ce, don misali kawai, gona mai eka 80 za ta yi dala 15,000 kowace eka a kasuwa, amma 11,500 idan an hana gini. Bambancin dala 3,500 ne a eka, wato 280,000 gaba ɗaya. Hukumar tana da iyakar abin da take biya a kan eka, kuma idan ƙiyasin ya wuce iyakar, ko manomin ya yarda ya karɓi kuɗin da bai kai ƙiyasin ba, ragowar kan zama kyauta da dokar harajin tarayya ke ba shi rangwame a kanta.

Daga nan a rubuta yarjejeniyar hana gini, a shigar da ita cikin takardar mallakar gonar a ofishin rajistar filaye. Wannan ne ƙashin bayan lamarin. Yarjejeniyar ba a wuyan manomin take ba, a jikin ƙasar take. Ya mutu, ya sayar, banki ya ƙwace, duk wanda gonar ta faɗa hannunsa ya same ta da sharaɗinta, ba wa'adi. Zai iya noma abin da ya ga dama, ya gina garke ko rumbu ko ɗakin kaji, ya hana kowa shiga tunda gonar ba ta zama ta gwamnati ba. A ƙa'idar jiha an bar masa damar ƙara gida ɗaya don iyali ko masu aikin gonar. Abin da ba zai yi ba shi ne yanka fulotai ko gina kanti da masana'anta. Ma'aikata kan zagayo a kai a kai su duba ko ana kiyaye sharaɗin.

Mu koma ga dattijon nan mai 'ya'ya biyar. Da kuɗin haƙƙin gini zai iya biyan bashin banki, ya ware wa 'ya'ya huɗu rabonsu, ya sayar wa na biyar gonar a farashin da madara za ta iya biya. An ba shi hanya ta uku, wadda da babu ita.

Shekarun da lamarin ya juya

Shekarun farko tafiyar hawainiya aka yi. Kuɗi kaɗan ne, manoma na ɗari-ɗari, har ƙarshen shekarun 1980 eka dubu kaɗan aka adana. Abubuwa uku da suka faru kusan a jere ne suka sauya lissafin.

A Nuwamba 1987 mutanen Pensilbaniya suka kaɗa ƙuri'ar raba gardama, suka amince da gagarumin rinjaye jiha ta ciwo bashin dala miliyan 100 don sayen haƙƙin gini a gonaki. Dokar aiwatarwa ta fito a 1988, aiki ya fara a 1989, bisa tsarin da jiha ke ƙara wa gundumar da ta zuba nata kuɗin. Lankasta, da yake tana da hukuma a tsaye da jerin manoma masu jira, ta shiga gaba wajen cin moriya. Da bashin ya kusa ƙarewa, daga 1993 aka ware santi biyu na harajin kowane kwalin sigari don shirin. Wannan ya ba shi kuɗin shiga na dindindin, wanda ba sai an yi ta roƙon majalisa kowace shekara ba.

Abu na biyu rigimar hanya ce. Tun shekarun 1970 jiha ta fara gina sabuwar babbar hanya mai lamba 23 daga birnin Lankasta zuwa gabas. An share kimanin kilomita takwas, an gina gadoji, sai kuɗi ya ƙare a 1977. Aka rufe wurin da ƙasa, ciyawa ta fito, aka bar manoma suna kiwo a kai, mutanen gari suka raɗa masa suna hanyar awaki. A 1987 ma'aikatar sufuri ta sake taso da maganar babbar hanya, kuma wasu daga cikin layukan da aka zana sun ratsa tsakiyar gonakin Amish. Mutanen da aka sani da guje wa harkar siyasa sai ga su, fiye da dubu, sun cika zauren wata makarantar sakandare a taron jin ra'ayin jama'a. Mafi yawansu ba su ce uffan ba, zaman ne kawai suka yi. Labarin ya zagaya ƙasar, kuma a 1988 Gwamna Robert Casey ya bayyana cewa ba za a tsaga tsakiyar yankin noman Amish da babbar hanya ba. Abin da rigimar ta koya wa mutanen gundumar shi ne, inda hanya da bututun ruwa suka bi, nan gini zai bi.

Na uku shi ne kafa ƙungiyar Lancaster Farmland Trust a 1988, wadda Amos Funk da wata 'yar kasuwa, Marilyn Ware, ke cikin waɗanda suka assasa ta. Dalilin kafa ta yana da muhimmanci. Amish suna biyan haraji, amma ba sa son karɓar kuɗin gwamnati. Har an cire su daga tsarin fanshon tarayya tun 1965 saboda aƙidarsu cewa al'umma ce ke ɗaukar nauyin tsofaffinta. Ofishin gunduma da fom da maki ba wurinsu ba ne. Akwai kuma damuwa ta addini da ta iyali: shin daidai ne mutum ya ɗaure hannun jikokinsa da alkawarin da ba shi da ƙarshe? Idan noma ya gaza, ɗa yana buƙatar shagon kafinta a gonar fa? Ƙungiyar, da yake ba hukuma ba ce, ta iya zama da iyali a ɗakin girkinsu, ta saurara, ta tsara yarjejeniya mai sassauci kan ƙaramar sana'a ko gidan tsofaffi, wanda al'adar Amish ce a gina shi a jikin babban gida. Kuɗinta daga gudummawar jama'a da gidauniyoyi take tarawa, kuma abin da take biya bai kai na hukuma ba. Da yawa daga masu gonakin kyauta suke bayar da babban kaso. An ɗauki shekaru kafin amana ta samu. Yau ƙungiyar na riƙe da yarjejeniya a kan gonaki sama da 500, eka fiye da 30,000, kuma mafi yawansu na Amish da Menonayit masu tsohuwar hanya ne.

Inda aka sa kuɗin

Samun kuɗi daban, sanin inda za a zuba shi daban. Wurare da yawa a Amurka sun sayi haƙƙin gini a warwatse, gona ɗaya nan ɗaya can, ƙarshenta gonar da aka adana ta zama tsibiri a tsakiyar unguwa, masu sayar da gidaje ma suna tallar cewa bayan gidan fili ne da ba za a taɓa ginawa ba. Tom Daniels, wanda ya jagoranci hukumar Lankasta daga 1989 zuwa 1998, ya bi wata hanya. An fifita gonar da ke manne da wadda aka riga aka adana, don a samu manyan yankuna a haɗe, inda manomi ke maƙwabtaka da manomi kuma mai gyaran tarakta ke da isassun abokan ciniki.

A 1993 gunduma ta shigo da iyakokin faɗaɗar gari. An zana layi kewaye da birni da ƙananan garuruwa, an bar fili a ciki da zai ishi ginin kimanin shekara ashirin, da nufin kada bututun ruwa da na ƙazanta su tsallake layin. Gunduma ba ta da ikon tilasta wa ƙananan hukumomi, sai da aka bi su ɗaya bayan ɗaya da lallashi. Sannan aka riƙa sayen haƙƙin gini a gonakin da ke daf da layin ta waje, ta yadda a wasu wurare layin da ke kan takarda ya zama iyakar da ƙuri'ar majalisa ba za ta iya matsar da ita ba. Wasu yankuna, kamar Warwick, sun ƙara da tsarin da ke sa mai gini ya sayi haƙƙin gini daga gona kafin a bar shi ya ƙara girman gininsa a wurin da aka ware.

A nan ne, a ganina, sirrin Lankasta yake. Doka ita kaɗai ba ta ɗorewa. Saye shi kaɗai ba zai yiwu ba, don babu gundumar da ke da kuɗin sayen haƙƙin gini a kan eka dubu ɗari uku da wani abu lokaci guda. Amma doka tana riƙe ƙasar, tana kuma hana farashin haƙƙin gini tashi sama, har kuɗi ya iso. Saye kuma yana sa manomi ya haƙura da dokar, tunda ya san akwai ranar da za a biya shi.

Ba a ce komai ya tafi daidai ba. A 1999 ƙungiyar kare wuraren tarihi ta Amurka ta sa gundumar gaba ɗaya cikin jerin wurare 11 da suka fi fuskantar barazana a ƙasar. Amma a 2013 Lankasta ta zama gunduma ta farko a Amurka da ta adana eka 100,000 na gonaki. Yanzu adadin ya haura eka 120,000 a gonaki sama da 1,500. Jihar Pensilbaniya kuwa ta wuce gonaki 6,000 da eka 600,000, ita ce kan gaba a ƙasar.

Abin da takarda ba ta iya ba

Yarjejeniyar ƙasa take karewa, ba manomi ba, kuma wannan gibi yana ƙara fitowa fili. An yi zaton gonar da aka cire wa haƙƙin gini za ta yi araha har matashi ya iya saya. A Lankasta ba haka ta kasance ba. Manoma sun yi yawa, gonaki sun yi kaɗan, a wurin gwanjo Amish da Amish ke takara, kuma gona ta wuce dala 20,000 a eka ba abin mamaki ba ne, ko an adana ta ko ba a adana ba. Jihohin Massachusetts da Vermont sun sa wani sharaɗi a yarjejeniyoyinsu da ke ba su damar sayen gonar a farashin noma idan za a sayar wa wanda ba manomi ba. A inda manoman kansu ne ke ɗaga farashi, ko wannan ba zai yi magani sosai ba. Sakamakon shi ne mafi yawan magidantan Amish na Lankasta yanzu ba noma ne babbar sana'arsu ba. Kafinta ne, magina, masu ƙananan masana'antu da shaguna. Waɗanda suka nace sai noma da yawa sun yi ƙaura zuwa tsakiyar Pensilbaniya, ko Indiana, Kentucky, Wisconsin da New York. Faɗuwar farashin madara a 2018 ta sa iyalai da dama sun sayar da shanunsu. Ƙasar na nan, wani maƙwabci na nomawa, amma gidan da ya rayu da ita ya koma wata sana'a.

Matsala ta biyu daga ta farko ta fito. Wanda ya sayi ƙaramar gona da tsada dole ya tara dabbobi da yawa a kanta kafin ya biya bashi. Dabbobi da yawa taki ne da ya fi ƙarfin ƙasar, ruwan sama kuma ya wanke shi zuwa rafi. Fiye da rabin tsawon rafukan gundumar an ayyana su gurɓatattu. Ruwan na bi ta kogin Conestoga zuwa Susquehanna, ya faɗa mashigin tekun Chesapeake, kuma Lankasta ce gundumar da ta fi kowacce a jihar zuba naitirojin, sinadarin taki da ke gurɓata ruwa idan ya yi yawa, a wannan mashigi. Gonar da aka adana wajibi ne ta kasance da tsarin kare ƙasa daga zaizaya, amma rubuta tsari daban, kafa shinge a hana shanu shiga rafi da gina ma'ajiyar taki daban. Ƙungiyar Lancaster Farmland Trust, da aka kafa don hana gini, yanzu tana kashe ƙarfi mai yawa a wannan aiki, kuma amanar da ta gina da Amish ita ce ke buɗe mata ƙofar da jami'in gwamnati ba zai samu ba.

Sai kuma ikon gwamnati na karɓar fili don amfanin jama'a. Lokacin da hukumar makamashi ta tarayya ta amince da bututun gas na Atlantic Sunrise a 2017, layinsa ya ratsa kusan kilomita 60 na gundumar, har da gonakin da aka adana. Yarjejeniyar hana gini ba ta tsayar da shi ba, domin dokar tarayya ta ba kamfanin ikon karɓar hanya ko mai fili bai yarda ba. Wasu mata masu zaman zuhudu 'yan Katolika, waɗanda bututun zai bi ta gonarsu ta masara kusa da garin Columbia, sun kafa wurin ibada a fili a kan layin, suka kai ƙara cewa an taɓa 'yancinsu na addini. Kotuna ba su ba su gaskiya ba, gas ya fara bi ta bututun a Oktoba 2018.

Wadda ta fi wuyar warwarewa ita ce maganar gidaje. Iyakar faɗaɗar gari tana aiki ne kawai idan an cika cikinta da kyau. Tsarin gunduma da aka amince da shi a 2018 yana neman a gina gidaje 7.5 a kowace eka a cikin iyakokin, amma abin da aka saba ginawa bai kai haka ba. Mutumin da ke goyon bayan adana gonaki sau da yawa shi ne ke zuwa taron majalisa ya ƙi amincewa da benen haya a bayan gidansa. Duk gidan da aka hana ginawa a ciki, ko dai ya ƙara tsadar haya ga ma'aikacin da ke aiki a masana'antar sarrafa kaji, ko ya matsa wa layin lamba ya motsa. Ga kuma kamfanonin manyan ɗakunan ajiyar kaya da ke neman shimfiɗaɗɗen fili kusa da manyan hanyoyi.

Bayan fiye da shekara arba'in ana aiki, kimanin kashi ɗaya cikin uku na ƙasar noman gundumar ne ke ƙarƙashin yarjejeniya ta dindindin. Manoman da suka kai takardunsu suna jiran a kira su sun fi kuɗin da ake warewa kowace shekara yawa, wasu kan shekara da shekaru a layi. Sauran kashi biyun, dokar yankin karkara ce kaɗai ke riƙe da su, kuma kowace buƙatar sauya ta tana zuwa ne gaban mutum uku ko biyar ɗin nan a zamansu na wata-wata.